Abin da Ya Tare a Kwamfutar Baba

Ranar da na fara ganinsa, ko ɗago kai bai yi ya dube ni ba. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, na kai ta shagonsa da ke ƙarshen layin masu gyara, inda kowa ke ce masa Likita. Ya karɓa, ya jijjiga ta kusa da kunnensa, ya ce, "Kin kunna ta bayan ta jiƙe?" Na ce e. Ya ce, "To ke kika kashe ta, ba ruwa ba." Na fito ina cewa ban taɓa ganin marar mutunci irinsa ba. Amma har na isa gida ina tuna yadda ya kwantar da wayar a kan tsumma, a hankali, kamar jaririya. Ban gaya wa kowa wannan ba.

Shi ya sa da maganar kwamfutar Baba ta taso, na ce wurinsa za a kai ta.

Ni ban yi makaranta ba. Ciwon ƙafa ya kwantar da ni tun ina ƙarama, kuma ba wanda ya zauna ya nuna mini baƙi. Baba ne kan zauna gaban kwamfutarsa ya karanta littafi, ta naɗi muryarsa, idan zai fita aiki ya kunna mini don ta ɗebe mini kewa. Ni kuma sai in ɗauko littafin ina bin layi da yatsa, har haruffa suka gaji suka saba da ni. Da ya rasu aka kulle ɗakinsa, shekaru ba wanda ya shiga. Muryarsa tana cikin akwatin ƙarfen nan, ba ta kuma ko'ina a duniya.

Yayana ne ya buɗe shagon buga takardu, ya ce kwamfutar yake so. A goge komai, a zuba mata sabon tsari.

"Sai an kwashe mini muryar Baba," na ce.

"Wanda ya mutu ya mutu, Auta. Ke dai ba ki rabo da ƙauli da ba'adi."

Muka yi kwana da kwanaki ba ma gaisawa kafin ya yarda. Na sayi filas sabo fil, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, saboda aikin.

Da yamma liƙis muka buɗe ɗakin. Komai ya yi ƙura, gizo-gizo ya yi saƙa har a kan agogon bango. Kwamfutar kaɗai ce fes, kamar yanzu aka goge ta. Da na taimaka wa Yaya ya ɗaga ta, na ji gefenta da ɗumi a tafin hannuna. Wayar wutarta kuwa tana naɗe a ƙasa, ba a jona ta ba. Na dube shi. Ya ce, "Ɗauki allon kwamfutar, ki daina kallona."

Mun isa layin masu gyara rana tana faɗuwa. Maƙwabta suna ta jawo ƙofofin ƙarfe, ƙararrr, ƙararrr, ɗaya bayan ɗaya. Shagon Likita ƙunci gare shi. Tsofaffin alluna jere a kan kanta suna kallon mutum da baƙaƙen fuskoki, wayoyi na reto daga ƙusa, ga ƙaurin dalma. Ya riga ya sauke ƙofarsa rabi, sai da muka sunkuya muka shiga.

"Windows nake so," in ji Yaya, ko gaisuwa babu. "Sabo, wanda ake yayi."

Likita ya kwance murfin gefe, ya leƙa da tocila. "A kan wannan tsohuwar? Je ka ɗora wa kakarka buhun siminti ka gani."

"Cire kakata a ciki, malam."

"Ba za ta ɗauka ba. Ko ta ɗauka, kafin ta buɗe takarda ɗaya ka yi gemu. Tsarin Linux zan sa maka, marar nauyi."

"Waye kuma Linux? Ƙanenka ne? Duk masu kawo mini aiki Windows suka sani. So kake in zauna ina zare ido gaban kwastoma?"

"To a mayar mata da tsohon Windows ɗin da ta saba da shi. Sai dai masu shi sun daina kula da shi, ka sani."

"Ka ce dai ba ka iya ba."

"Na iya. Kunne ne ba ka zo da shi ba."

Suka yi ta yi kamar zakaru. Yaya ya ce akwai masu gyara goma a layin nan, Likita ya ce duk sun tashi, amma hanya a buɗe take. Da ƙyar na samu na sa baki.

"Ni muryar mahaifinmu nake so a fitar mini. Bayan nan ku zuba mata ko ruwan zafi ne."

A karo na farko Likita ya dube ni sosai. Ya sassauta murya.

"Faifan ajiyar da ke cikin nan ya tsufa. Idan aka tashe ta da tsarin da ke kanta, zai yi ta juyi yana wahala, yana iya mutuwa kafin mu kwashi komai. Ina da filas mai Linux a kai. Da shi zan kunna ta, in lallaɓa in kwashe kayan alhali ita tana barci. Wane tsari za a sa mata daga baya, wannan rigimarku ce."

"Tana barci!" Yaya ya yi tsaki. "Ji iyayi. Don ka ga mace a wurin kake wannan dogon turanci?"

Na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ya juya kan aikinsa. Ya haɗa allon, ya sa wayar wuta a soket, ya karɓi filas ɗina ya soka. Sai ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya tsaya cak.

"Yaushe rabon da a kunna ta?"

"Tun rasuwar Baba," na ce.

Ya janye hannun, ya goge a wandonsa. "Kada wanda ya taɓa ta. Abin da ya daɗe a rufe ba a tashinsa haka kawai, balle da magariba. Bari in ɗauko nawa filas ɗin."

Ya shige ɗan ɗakin da ke ciki. Muna jin sa yana buɗe durowa.

"Ɓata lokaci," in ji Yaya. "A kunna, a kwafa, a tafi. Wannan ma sai an yi digiri?"

"Yaya, ya ce kada..."

Yaya ya danna maɓallin kunnawa.

Fankar ciki ta ja numfashi. Ba irin ƙarar da na sani ba. A hankali take yi, tana tsayawa, tana ci gaba, kamar mai barcin da aka taɓa wa kafaɗa. Faifan ya fara: ƙit, ƙit, ƙit.

Wani wari ya taso. Warin tsohuwar rijiya, da wani abu kamar ƙonannen gashi.

Ƙwan fitilar shagon ya dushe ya koma ja. A waje, layin ya yi tsit. Ko mota ba ta wucewa.

Likita ya fito da filas a hannu. Ya dubi allon, ya dubi Yaya. "Me ka yi?"

Allon ya kawo haske. Sai muka ji an yi gyaran murya.

Na san wannan gyaran muryar. Da ita na girma.

Ba mu zo da lasifika ba. Likita ma bai haɗa ko ɗaya ba.

"Auta."

Na dafa kantar shagon. Baba ne. Har da ɗan kaushin nan na maƙogwaronsa.

"Auta, kin yi girma."

Na buɗe baki. Likita ya damƙi hannun rigata.

"Kada ki amsa," ya raɗa. "Abin da aka naɗa ba ya gani."

Amma Yaya ya riga ya matsa gaba. Mutumin da ya ce wanda ya mutu ya mutu, ga shi hawaye na bin fuskarsa.

"Baba?" ya ce.

Fankar ta zuƙa da ƙarfi.

Yaya ya sake buɗe baki. Leɓɓansa suka motsa. Ba abin da ya fito.

Daga cikin akwatin muryarsa ta fito. "Baba?" Ta sake, da siririyar dariya a ƙarƙashi. "Baba? Baba?"

Ya kama wuyansa da hannu biyu. Jikinsa ya fara sunkuyawa wajen akwatin, kamar ana jan sa da igiya ta baki. Takalmansa suna gurzar siminti.

Likita ya fizge wayar wuta daga soket.

Allon bai mutu ba.

Wani koren layi ya bayyana a tsakiyarsa, yana tafiya daga hagu zuwa dama. Ba wanda ya ba da umarni. Ƙaramar fitilar filas ɗina tana ƙiftawa. A saman layin sunayen littattafan da Baba ya karanta mini suna wucewa ɗaya-ɗaya.

Likita ya rungumo Yaya ta ƙugu, ya tokare ƙafa da kanta. Jijiyoyin wuyansa suka fito.

"Sabon gida yake nema," ya ce da ƙyar. "Yana bin kayan. Zare filas ɗin."

Ban motsa ba.

Layin ya kusa rabi. Abin da na zo nema ke nan. Yana shiga. Kaɗan ya rage.

Muryar ta fara karatu. Labarin da na fi so, wanda nakan roƙa a maimaita mini. Har da tarin da Baba ya yi a tsakiya, har da ƙarar juya shafi.

"Auta!" in ji Likita.

Goshin Yaya ya taɓa ƙarfen. Idanunsa sun juye.

Karatun ya tsaya.

"In kika zare," muryar Baba ta ce, a hankali, "kin binne ni sau biyu."

Na ambaci sunan Allah. Ban ji muryata ba, amma na san na ambata.

Na kai hannu.

Sanyi ne. Sanyin da ke ƙuna. Filas ɗin ya manne kamar ana riƙe da shi ta ciki.

Na ja.

Wani abu ya ja.

Na sa hannu biyu.

Ya fita.

Ihun da aka yi ba na Baba ba ne, ba na Yaya ba, ba na mutum ba. Ƙwan fitilar ya fashe. Dukkan tsofaffin allunan da ke kan kanta suka kawo haske lokaci guda, suka mutu.

Da rarrafe muka fita ta ƙasan ƙofar, muna jan Yaya. Wani abu ya bugi ƙofar ta ciki, sau ɗaya. Ƙarfen ya lotso waje.

Da gari ya waye Likita ya koma shi kaɗai. Ya cire faifan, ya farfasa shi da guduma, ya ƙone ragowar. Akwatin kuwa ba a sa masa Windows ba, ba a sa masa Linux ba, masu sayen ƙarfe ma bai yarda ya ba su ba. Rami ya haƙa masa.

Muryar Yaya ba ta dawo ba. Raɗa kawai yake yi, sai mutum ya kai kunne bakinsa. An kai shi asibiti, an ce ba a ga komai ba.

Ni kuma na ce musu filas ɗin ya faɗi a hanya. Yana cikin jakata, naɗe a hankici. Rabin muryar Baba na ciki. Ban soka shi a komai ba, amma na kasa yar da shi. Kullum rana ta faɗi sai jakar ta yi ɗumi a cinyata, in yi kamar ban ji ba.

Wata yamma Likita ya zo duba Yaya. Suka zauna a falo suna hararar juna, ba wanda ya manta da zancen kaka. Na kawo ruwa zan juya, Yaya ya riƙe mini hannu. Ya jawo ni har kunnena ya kai bakinsa.

"Ina jin sa," ya raɗa. "Cikin jakarki. Yana gwada muryata."

Na dubi Likita. Bai ji raɗar ba, amma idonsa na kan jakar da ke rataye a kafaɗata.

"Na san filas ɗin na wurinki tun ranar," ya ce. "Hannunki bai buɗe ba har muka fita. Ba zan ƙwace ba, naki ne. Amma ban iya raba miki mahaifinki da abin nan ba. Ba wanda ya iya. Kuma ko an fasa shi, ban ce ba zai sake kira ba. Ya riga ya san sunanki."

Rana tana faɗuwa a bayan labule. Jakar ta fara ɗumi.

Na kwance hankicin, na ajiye filas ɗin a tafin hannun Likita. Ya rufe yatsunsa a kai, ya miƙe, ya tambayi inda muke ajiye guduma. Yaya bai sake ni ba. Ido ya zuba mini yana jira, kuma na san abin da yake jira.

Na daɗe ina faɗar maganar a zuciyata ina janyewa. A wannan karon na ɗaga murya, yadda shi zai ji, Likita zai ji daga bakin ƙofa, abin da ke cikin hannunsa ma zai ji.

"Yaya, na yi maka alkawari. Ko da muryarka ya kira ni, ko da ta Baba, ba zan amsa ba."