Allurar Baba Othniel

Tun da aka kawo kwamfuta ƙaramin asibitinmu na Sabon Gari, ba ma yi wa majinyaci allura sai mun duba bayanansa. Wata rana ina aikin dare, na duba, komai lafiya, na zuƙo penisilin zan yi wa Baba Othniel. Sai na ji ana danna kwamfutar.

Wata nas ce zaune, ta ba ni baya. Sanyi ya ratsa ɗakin.

Ta kira sunana: "Bibiana, ajiye allurar nan. Jikinsa ba ya karɓa."

Na ajiye, na dubi kwamfutar. Jan gargaɗi ya fito a bayanan Baba Othniel, da sunan wadda ta shigar da shi yanzu: Sista Lucia, abokiyar aikinmu. Watan jiya muka binne ta.