Ƙirgen Baba Ndakotsu

Ruwan sama ne ya koro Karima cikin keken Zikrullahi a bakin kasuwa, rungume da sandar asibiti mai ƙafa huɗu. Ya leƙe ta ta madubi, ya sake leƙawa, har ya kusa hawa bayan wata mota.

"'Yan mata, ina muka nufa?"

"Maitumbi."

"Allah ya ba mai sandar nan lafiya. Baba ne?"

"Maƙwabcinmu ne," ta ce, ta kau da kai.

Ƙarya ce, kuma tun kafin ta sauka ta fara cin ranta. Sandar ta mahaifinta ce, Baba Ndakotsu tela, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar bara. Ciwon ya tafi da Nufancinsa da Hausarsa, bai bar masa komai a baki ba sai ƙirgen Faransanci da ya koya yana yaro a Lome, inda mahaifinsa ya yi fatauci. In yunwa yake ji, ƙirge. In ruwa yake so, ƙirge. Unguwa kuwa ba ta rasa abin faɗa, aka ce aljanu ne suka shige shi. Abdulwasiu, saurayinta na farko, sau ɗaya ya shiga gaishe shi, ya fito yana kwaikwayonsa a majalisa ana ta sheƙa dariya. Tun ranar Karima ta rataya labule mai kauri a ƙofar ɗakin.

Zikrullahi dai bai bar ta ta tafi ba sai da lambar waya. Soyayya ta kama kamar wutar kara, amma zance kullum sai a gidan gwaggonta a Tudun Wada.

Ya rubuto mata: "Hasken idona, yaushe zan durƙusa gaban Baba? Gwiwoyina har ƙaiƙayi suke."

Ta amsa: "Direbana, yana Bida. Ka yi haƙuri ya dawo."

Ta ajiye wayar, ta ji tsohon a bayan labule yana ta ƙirgensa. Ta toshe kunne da filo, ta tsani kanta.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Abdulwasiu, da ya ga ana neman abin da ya yar, ya kai labari har kunnen Nna Safiyatu, mahaifiyar Zikrullahi. Ita kuwa ba ta da rufa-rufa.

"Ba aljanun ne suka dame ni ba," ta ce wa ɗanta. "Ciwo na Allah ne. Amma yarinyar da ta ɓoye ubanta, ni a wane lungu za ta tura ni in na tsufa? Ban yarda ba."

Wata la'asar Karima ta dawo daga shagon maganin da take aiki, sai ga keke a ƙofar gida. Ta shiga, ta tarar an ɗage labule, Zikrullahi na zaune a ƙasa, Baba ya riƙe masa wuyan hannu yana ta zubo kalmomi, yawu na bin gefen bakinsa. Da ƙasa za ta tsage, wallahi da ta shige.

Zikrullahi bai ɗaga murya ba. "Ashe nan ce Bida?"

Ya nuna Baba da kai.

"Me yake cewa?"

"Ƙirge ne. Na Faransanci."

"To koya min, in san abin da zan amsa masa."

Ta buɗe baki. "An... do... turwa..." Sai ta tsaya cak. Shekara guda tana kwana tana tashi da muryar nan, amma ba ta taɓa sauraronta ta wuce uku ba. Wannan kunyar ta fi ta ƙaryar ciwo. Zikrullahi ya dube ta, ya yi wa Baba sallama, ya fita.

Kwanaki suka shuɗe babu kira. Ta ce shi ke nan, ya bi sahun Abdulwasiu, kuma ita ta jawo. Sai ranar Juma'a saƙo ya shigo:

"Karimata, ƙaryar ta ɓata min rai, ba zan ɓoye miki ba. Amma saurara: an, do, turwa, katir, sank, sis. Kullum da hantsi in kin tafi aiki ina zuwa aji wurin Baba. Malamin nan akwai zafi, in na yi kuskure sai ya make min hannu. Jiya har dariya ya yi min. Nna ta ce ba ta canza magana ba. Ni na yi nawa, saura naki."

Ta karanta ta sake karantawa, ta yi kuka mai isarta. Da yamma ta wanke fuska, ta cire labulen nan ta ninke. Ta sa wa Baba farar riga cikin waɗanda ya ɗinka da hannunsa, ta riƙo shi a hankali har benci a ƙofar gida, daidai inda majalisa ke hango su. Ta zauna a ƙasa gabansa.

"Baba, ni ma a sa ni a aji."

Tsohon ya daɗe yana kallon titi kamar baƙo. Sannan ya ɗaga yatsa. "An."

"An," ta maimaita da ƙarfi.

Wani ya yi dariya daga majalisa. Ita dai ba ta tashi ba. Da ta ce "sit" maimakon "set", ta sha nata dukan a hannu. Washegari ta sake fito da shi, da jibi ma haka, har masu wucewa suka koma tsayawa suna gaishe shi. A nan Nna Safiyatu ta same su wata yamma. Ta tsaya daga nesa, ta gama kallonta, sannan ta matso.

"Sannu da jiki, Baba. Ke kuma, 'yata, kawo min kujera."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, Baba Ndakotsu na zaune a sahun gaba kusa da ƙanensa da ya yi walicci. Da za a kai amarya, Karima ta durƙusa gabansa, Zikrullahi a gefenta.

"Baba, ka yafe min," ta ce cikin kuka. "Na ɓoye ka don kunya, kai da ba ka taɓa ɓoye ni ba."

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kanta, ya mayar kan angon, ya buɗe baki zai sa albarka. Ya yi ta kokawa da harshensa, abin da yake da shi ne dai ya fito, a hankali, hawaye na zuba: "An, do, turwa, katir, sank, sis, set, wit, naf, dis."

Ba wanda ya yi dariya. Nna Safiyatu ce ta fara ɗaga hannu ta shafa fuska.

"Amin," ta ce. Gida duka ya amsa, "Amin."