Madubin da Na Rataya wa Shaho

Gab da magariba na fita kwashe shanya, kamar kullum. Iska ta tsaya cak, warin dusar da na jiƙa wa kaji ya cika tsakar gida.

Shaho ne ya ja mini abin da ya faru a yammacin nan. Ya daɗe yana yi wa 'yan tsakina ɗauki ɗai-ɗai. Inuwarsa kawai za ka ga ta gilma a ƙasa, kafin ka ɗaga kai ya yi sama da ɗaya. Na yi ihu, na yi jifa da takalmi, har murfin tukunya na taɓa wurga masa. Ni mace ce mai zuciya, ban iya yin asara in kama bakina ba.

Sai na koya wa kajin kira. Idan na ce "kur, kur, kur" ina buga kwano, duk su ruga akurki, in watsa musu tsaba a ciki. Autata, wadda ko yaye ba ta daɗe da yi ba, ta mayar da abin wasa. Da ta ji kiran sai ta baza hannuwa kamar fukafukai, ta bi su a guje, ta cusa kai cikin akurkin tana dariya. Babanta yakan ce duk cikin kajin nan ita ta fi biyayya.

A ɗakin ajiya na gidan da muke haya kuma akwai wani tsohon madubi da waɗanda suka tashi suka bari, an juya fuskarsa ga bango. Na fasa shi da taɓarya, na ɗaure gutsattsarin da zare a igiyar shanya, don walƙiyarsu ta kashe wa shaho ido.

Goggon maigidana ta zo gaishe mu, ta tsaya tana kallonsu.

"Ina kika samo wannan, 'yar nan?"

Na gaya mata.

"A juye kika same shi?" Ta rage murya. "To ki riƙa sauke su kafin rana ta faɗi."

"Haba Goggo, shaho nake kora, ba baƙi nake gayyata ba."

Ba ta yi dariya ba.

Dabarar ta ci. Shaho ya daina ko shawagi a samanmu. Muzurun da ke hawa katanga ma ya ɗauke ƙafa. Ni kuwa sai fariya nake wa maƙwabta. Maganar Goggo ta bi iska.

To, a yammacin nan babanta bai dawo daga aiki ba. Kajin suna tono a gindin katanga, ban kira su ba tukuna. Auta tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana wasa da murfin kwalba.

Na kai hannu zan cire zane, sai na ga gutsattsarin suna juyawa. Babu iska. Suna taɓa juna a hankali, ƙil, ƙil, ƙil.

Warin dusa ya ɗauke. Wani ya maye gurbinsa, irin na ɗakin da ya shekara a rufe.

"Kur, kur, kur."

Muryata ce. Har da dushewar murar da nake fama da ita. Ƙarar kwano ta biyo baya, alhali ga kwanon can a kife kan turmi.

Daga cikin akurki kiran yake fitowa.

Kajin suka ruga. Duk wadda ta shiga, sai in daina jin motsinta.

Auta ta miƙe. Ta baza hannuwa.

Na buɗe baki in ce ta tsaya. Leɓena ya motsa, sauti bai fito ba. Na sake. Ko tari ban iya ba.

Idona ya faɗa kan madubin da ke gabana. A ciki na ga ƙofar akurki, da wata mace a tsugune cikin duhu, sanye da irin zanena. A wani gutsuren na ga bakinta kaɗai. A wani, hannu, an miƙo shi, faratan a lanƙwashe.

Na juya. A ido babu kowa, duhu ne kawai.

"Kur, kur. Zo, Auta."

Auta ta kwasa da gudu tana dariya. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura mini turmi.

Akwai wata kaza mai 'ya'ya da muke kira Masifatu, don ko ni ba ta bari in raɓi 'yan tsakinta. Ita kaɗai ta ƙi amsa kiran. Ta yi kukan da take yi idan ta ga shaho, ta tara 'ya'yanta a tsakiyar hanya, ta bushe gashinta. Auta ta zo giftawa ta kansu, Masifatu ta yi tsalle ta kai mata sara a ƙwauri.

Auta ta kife, kanta a bakin akurki.

Na fizgo igiyar shanya da duk ƙarfina. Ta tsinke, kaya suka zubo suka rufe madubban. Ƙafafuna suka saku. Na faɗa kan Auta na cafki idon sawunta.

An riƙe rigarta daga ciki.

Na ja. Aka ja. Sanyi ya ratsa hannuna har kafaɗa. Ina kiran sunan Allah a zuci, tunda baki ya ƙi.

Rigar ta yage.

Kiran ya yanke a tsakiya.

Da safe babanta da Goggo suka buɗe akurkin. Babu kaza ko ɗaya. Babu jini, babu gashi, babu ramin da wani abu ya tona. Ƙyallen rigar Auta kawai, an ninke shi tsaf a ƙasa. Goggo ta kawar da kai ta tattara madubban cikin buhu, ta fita da su.

Muryata ta dawo bayan 'yan kwanaki. Shaho ma ya dawo, kuma ranar da na ga inuwarsa a ƙasa har hamdala na yi. Yanzu raga na shimfiɗa a saman wurin kiwo. Masifatu ta tsufa, ba mai yanka ta.

Auta ta shiga makaranta bana. Har yau idan na kira ta daga ɗaki ba ta amsawa. Sai ta lallaɓo ta leƙo ta bakin ƙofa, ta tsura wa bakina ido.

"Sake faɗa, Umma," take cewa. "In gani."