Munduwar da Ta Matse Habiba

A bakin Ƙofar Mazugal Ashafa ya fara ganin Habiba, tana tallan alkaki, siririya kamar sillen kara. Shi kuwa mai koyon ƙirar azurfa ne. Ya sayi alkakin da ba ya marmari, washegari ma ya dawo ya saya.

Da magana ta kai ga manya, mahaifinta Malam Salihu ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba shi da maƙerar kansa ba. Dole Ashafa ya shirya tafiya Jos neman jari. Ranar sallama, a zaure, ya zura mata munduwar da ya ƙera da hannunsa.

"Bibata, muddin tana hannunki, na san kina jirana."

"Ba zan cire ba, Yaya."

Bayan tafiyarsa aka hana ta talla, aka zaunar da ita gaban Gwaggo 'Yardada tana koyon ɗinkin hula. Daga hantsi har la'asar tana kan tabarma, allura a hannu, ƙwaryar fura a gefe, zuciya tana Jos. Ƙafar da ta saba zaga birni ta huta, jiki kuwa ya samu yadda yake so. Kafin damina biyu Habiba ta yi ɓulɓul.

Munduwa ta fara cin naman hannunta. Ta daure har yatsu suka kumbura. Sai da Gwaggo ta danne ta, ta zare munduwar da man shanu, Habiba na kuka.

"Hannu za ki rasa saboda ɗa namiji? Duk wadda ta zauna kan hula haka take komawa. Dube ni."

Ilu, wani mai sonta da ta daɗe da kora, ya hangi hannun wayam, ya aika da labari Jos. Ba a jima ba wasiƙar Ashafa ta zo da ajami:

"Habiba, bayan gaisuwa, an ce kin cire. In gaskiya ne, kada ki wahalar da kanki da amsa."

Kunya ta hana ta rubuta masa cewa ƙiba ta yi. Ta tsinko zaren hula, ta auna hannunta, ta naɗe shi cikin takarda:

"Yaya, ga awona na yanzu, gwada da na da. Zaman jiranka ne ya jawo."

Wata biyu shiru. Ta yi kewarsa har fura ta fita ranta, duk sallamar da ta ji a zaure sai ta leƙa ta ga ko shi ne.

Ran wata Juma'a sallamar ta zama tasa. Ya dawo da kayan maƙera, da sabuwar munduwa mai buɗaɗɗen baki, zaren nan naɗe a jikinta.

"Wannan ba za ta matse ki ba, Bibata, ko nan gaba kin kamo Gwaggo."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Gwaggo ta sa musu albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Tsohuwar munduwar kuwa, Habiba ta adana ta a ƙasan kwalla, ta ce ta 'yarsu ta fari ce.