Naɗin Auta a Jitar Bahago

Ranar da ya fara shigowa shagon, Auta na zaune a kan benci tana zare ƙonanniyar waya daga cikin injin fanka. Shagon na mahaifinta ne, wanda duk layin ke kira Mai Naɗi, don shekara talatin ke nan yana sake naɗa wayar injinan da suka ƙone. Yayyenta maza biyu sun gudu daga aikin, ita kaɗai ta zauna ta koya.

Saurayin ya yi sallama, dogo, da jitar lantarki rataye a bayansa.

"Baba, an ce nan ake naɗin waya. Fikof ɗina ne ya mutu."

"Me ya mutu?"

Ya kwantar da jitar a kan tebur, ya nuna wani ɗan baƙin abu a ƙarƙashin tsirkiyoyi. "Wannan. Maganaɗisu ne da siririyar waya a naɗe. Shi ke jin motsin tsirkiya ya aika wa lasifika."

Baba ya mayar da kai kan aikinsa. "Mu injin ruwa da fanka muke gyarawa, ba kayan wasa ba."

"Baba, bari in duba mana," in ji Auta. Ta lura da hannun da saurayin ya miƙo mata sukurdireba. "Kai bahago ne?"

"Tun haihuwa, ban kuma taɓa neman magani ba."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Ya kalle ta, ta sunkuyar da kai, sukurun da ta kwance ya faɗi ƙasa, su biyu suka duƙa nema.

Ya gaya mata ko kafin abin ya mutu ba ya jin daɗinsa. Siraran tsirkiyoyi na fita da kaifi kamar ana kankare tukunya, kuma da ya matsa kusa da fitila sai lasifika ta kama gurnani.

Kwana tara ta yi a kan aikin. Ta ɗauko tsohon keken ɗinkin Mama ta mayar da shi abin naɗi, wayar kuwa kamar gashi, sau huɗu tana tsinkewa. Ba ta bi yadda masana'anta suka yi ba. Ta raba fikof ɗin gida biyu. Ɓangaren siraran tsirkiyoyi ta sa masa maganaɗisu mai sanyin ƙarfi da ta ciro daga tsohuwar rediyo, ɓangaren masu kauri ta sa mai ƙarfi. Ɗaya ta naɗa shi ta dama, ɗaya ta hagu, don gurnanin wannan ya kashe na wancan. Daga ƙarshe ta tsoma su cikin narkakken kakin zuma.

Da ya zo ya jona ya taɓa tsirkiya ɗaya, sai ya tsaya cak. Babu gurnani ko kaɗan. Sautin ya fito da kauri da ɗumi, siraran suka yi laushi kamar murya, masu kaurin kuwa har a ƙirji ake jin su. Mai facin taya na maƙwabta ya leƙo da guduma a hannu.

"Me kika yi mata?" Bahago ya tambaya a hankali.

"Na saurari ƙorafinka ne kawai."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Injiniyata, jitar nan ta ƙi yin shiru, ni ma zuciyata haka. Wanne za ki fara dubawa?"

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Jita na iya. Ɗayan sai ka kawo shago mu buɗe mu gani."

Ya riƙa zuwa kuwa. Yau sukuru ya kwance, gobe waya na rawa, har Baba ya gane babu abin da ya lalace. Wata safiya ya ajiye filaya ya dube ta.

"Auta, yaron nan mai kaɗe-kaɗe, me yake nema?"

"Baba, da maganar aure yake son zuwa."

"Da wace sana'a? Yau yana wannan taro, gobe yana wancan. Ban ɗora ki a kan aikin hannu don ki ƙare wajen mai neman tafi ba. Ga Mai Kanti nan ya aiko neman aurenki tun watan jiya."

Mai Kanti shi ke da babban shagon kayan sauti a bakin titi, mutum mai turare da yawan murmushi. Kwana biyu bayan nan ya zo da kansa, ya ajiye mata wani kwali a kan benci. Ta buɗe, ta ga fikof rababbe gida biyu, sak irin nata, da sunan kantinsa a jiki.

"Abokinki ya kawo mini jitarsa," in ji shi. "Ya ce dabararsa ce, mu yi da yawa. Na ga ya kamata ki san da wa kike hulɗa."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Bahago ya kira sau shida ba ta ɗauka ba. Sai saƙo:

"Hasken idona, laifin me na yi?"

"Tambayi Mai Kanti. Kada ka ƙara zuwa shagonmu."

"Tsirkiya na je sauyawa, ya ce in bar jitar in dawo gobe. Wallahi ban san ya buɗe ta ba. Ba zan roƙe ki ki yarda ba, amma ki zo bajekolin masu sana'a ranar Asabar."

Ta kife wayar a kan benci da niyyar ba za ta je ba. Sai dai Baba na da tebur a bajekolin, dole ta raka shi.

Zauren cike yake, fitilu ta ko'ina. Bayan azahar aka kira masu sabuwar ƙira su gwada. Mai Kanti ya hau dandamali da makaɗin da ya ɗauko. Ana jona jitarsu lasifika ta kama gurnani kamar injin niƙa, mutane suka toshe kunne. Masu kwafin sun ga gida biyu, amma duk sun naɗa su ta gefe ɗaya.

Sai Bahago ya hau. Ya jona, zauren ya yi tsit, ya fara kaɗawa. Masu ciniki suka bar ciniki. Wata tsohuwa mai sayar da kwanduna ta ajiye kayanta ta dafa ƙirji. Auta ta saci kallon Baba, ta ga ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin tebur.

Da ya gama, shugaban alƙalai ya miƙo masa lambar yabo. Bahago ya mayar da hannayensa baya.

"Ranka ya daɗe, ni kaɗawa kawai na yi. Wadda ta ƙera abin nan ga ta can a tebur na goma sha biyu, 'yar Mai Naɗi. A wajen mahaifinta ta koya. In ana shakka, a ba ta waya ta naɗa a gaban kowa, a ba Mai Kanti shi ma."

Aka juya neman Mai Kanti, sai kujerarsa. Zauren ya ɗauki tafi. Auta ta kasa tashi, sai da Baba ya ce, "Tashi mana, ke ake kira."

Tana saukowa da lambar a hannu, ta tarar da Bahago durƙushe gaban Baba.

"Yaro, an miƙo maka abu a gaban jama'a ka ƙi karɓa. Me ya sa?"

"Ba nawa ba ne, Baba."

Baba ya miƙa hannu ya tashe shi. "Na ce kai mai neman tafi ne. Na yi kuskure. Ka turo manyanka."

A bakin ƙofa ta tare Bahago. "Ka yafe mini, na yarda da maganar wani a kanka."

"Sai da sharaɗi, Injiniyata. Ki amsa saƙona ko da faɗa za ki yi."

"Faɗan kam za ka sha."

"Na ɗauka, har tsufa."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Kafin lokacin makaɗa har daga wasu garuruwa sun fara layi a ƙofar shagon, kowa da irin muryar da yake so jitarsa ta yi, Baba ya sa aka ƙara benci na biyu. Ranar da za a kai amarya, Mama ta rungume ta tana kuka tana dariya. Baba ya kama hannun Auta, ya ɗora a na mijinta, ya riƙe su gam.

"Ga ta nan, ita ce mafi kyawun abin da ya fita daga hannuna. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Duk ɗakin ya amsa da amin. Auta ta ɗago ido cikin mayafi, ta ga angon nata, mutumin da ke tsayawa gaban ɗaruruwan jama'a ko gezau, yana share hawaye da hannun riga.