Idon da Mujittafa Ya Bari a Dausayi

Ke Ummita, ajiye wayar nan. Kai ma Sagir. Tun magariba kuke haska fuskar mutane, ba sallama ba neman izini, kamar ba a gidan mutunci aka haife ku ba. Ba kowace fuska ake ɗauka ba. Ku zauna. Kun san kawunku Mujittafa, ɗan ƙanena, mai baƙin tabarau. An ce muku ciwo ya yi. Yau zan gaya muku ciwon.

Da can mai ɗaukar hoto ne. Ba na biki ba. Shi tsuntsaye da ruwa yake bi. Yana da kamara mai dogon baki kamar taɓarya. In zai ɗauka sai ya runtse idon hagu, ya manna na dama a jikinta. Ku riƙe wannan.

Wata shekara, bayan damina, ya tafi dausayin Nguru. Ya ce hazon asuba yake so, wanda ke kwanciya a kan ruwa fari fat kafin rana ta fito. Ya sauka wurin wani tsohon masunci, Baba Mele.

Mutanen wurin suna da ƙa'ida. Muddin hazo bai tashi ba, ruwan ba na ɗan Adam ba ne, na masu wurin ne. Wanda dole ta sa shi shiga, sai ya bugi gefen kwalekwale da gora sau uku, ya yi sallama, don a kauce masa. In ya ga wani abu, ya sunkuyar da kai.

Baba Mele ya gaya masa duk wannan. Mujittafa ya ce ya ji.

Suka yi sallar asuba suka shiga ruwa. Hazo ya rufe ko'ina, ko bakin kwalekwalen ba a gani sosai. Suka ratsa ta cikin dogayen ciyayi har suka fito wani fili. Ga tsuntsaye nan birjik a kan ganyen bado, suna barci. Tsohon ya ɗaga gora zai buga. Mujittafa ya riƙe masa hannu.

"Baba, bari. Za ka kore su."

"Sakar mini hannu, yaro."

"Minti ɗaya kawai. Tun daga Kano na zo don wannan."

Ba a buga ba. Ba a yi sallama ba.

Kwaɗi suka yi shiru. Ruwan da ke lasar kwalekwale ya daina motsi. Tsuntsayen suna nan, amma duk sun juya baya.

Sai ga wata mace a cikin hazon. Doguwa, da farin zane, da ƙwarya a hannu, tana ɗiban ruwa. Ta kwance kanta, gashin ya zubo har gadon baya. A kan ganyen bado take tsaye. Ganyen bai nutse ba. Bakin zanenta a bushe.

Baba Mele ya dubi ƙasan kwalekwale. "Sunkuya," in ji shi a hankali.

Kawunku ya runtse idon hagu, ya manna na dama. Ƙyas.

Matar ba ta juyo ba. Tana gabansu, amma muryar daga bayansu ta fito, dab da kunne.

"Wa ya yi maka izini?"

Muryar ta sake tambaya.

"Da wane ido ka kalle ni?"

Tsohon ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Baƙo ne. Zai goge hoton." Ya zunguri Mujittafa da gwiwa. "Goge shi. Yanzu."

Mujittafa ya danna wani abu a jikin kamarar. "Na goge."

Ƙarya yake yi. Hazo ya yaye, ba kowa a wurin. Baba Mele ya tuƙa su gaɓa. Da suka sauka ya ce, "In ka goge, ka tsira. In ba ka goge ba, kada ka kuskura ka kwana da shi."

Ya kwana da shi. Har nan gidan ya kawo mini, yana murna. Na gani da idona, kallo ɗaya, na kau da kai. Mace ce ta ba da baya, can nesa, ƙarama kamar ɗan yatsa.

Na ce, "Matar mutane ka ɗauka kanta a buɗe? Ko mutum ce ai ka yi rashin kunya. Goge."

Ya yi dariya. "Gwaggo, ba ki san hoto ba. Irin wannan sau ɗaya ake samu a rayuwa."

Na ce, "To, ka samu."

Washegari da asuba ya farka idonsa na dama yana ruwa. Ya duba hoton. Matar ta matso kaɗan. Ya ce idonsa ne. Kwana na uku ta kai tsawon tafin hannu. Kwana na biyar ta fara juyo da wuya, ana ganin kunnenta. Shi kuwa wani farin abu ya fara taruwa a baƙin idonsa, kamar an ɗiga nono a ruwa.

Kwana na bakwai ya shigo ɗakina ko takalmi babu. "Gwaggo, na goge. Wallahi na goge."

Na ce, "Ta juyo?"

Sai ya zauna a ƙasa.

An kai shi asibiti, likita ya haska ya ce bai ga ciwo ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Ya koma Nguru don ya yi sallamar da bai yi ba. Baba Mele ya shiga da shi, ya buga gora sau uku. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu. Ba wanda ya fito.

Idon hagu, wanda ya runtse, lafiyarsa ƙalau har yau. Na dama ya zama fari fat. Kuna tsammanin makaho ne? Da ma hakan ne, da ya huta. Yana gani da shi. Ba ku yake gani ba, ba ɗakinsa ba. Ruwa yake gani, da hazo, da ganyen bado. Kullum asuba tana tsaye a ciki, tana kallonsa kamar yadda ya kalle ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya sayar da kamarar, ba ta tafi ba. In ya rufe idon ma, tana nan.

Saboda haka kada in ji ɗayanku ya doshi bakin ruwa shi kaɗai kafin hazo ya tashi. Ummita, miƙo wayar nan. A ƙarƙashin matashina za ta kwana.