Wayar da Ta Shiga Ƙasa

Sadisu mai gyaran wayarin mota ne a Dangora, shekara goma sha bakwai yana sana'ar. Ranar wata Laraba ya taso daga Ɗansoshiya a kan babur, rana ta yi ja, yana sauri ya riski magariba a gida. Inda hanya ta ratsa gonakin dawa, sai wani dattijo mai farar riga ya ɗaga masa hannu. Tsohuwar mota ce a gefensa, gilasanta a rufe, ba a ganin cikinta.

"Sannu Baba. Lafiya?"

"Yawwa ɗana. Fitilu ne suka ɗauke, ga duhu na tahowa."

Sadisu ya sauke jakar aiki, ya buɗe akwatin fis. Na fitila ya ƙone ƙurmus. Ya sa sabo, ya ce tas. Ya ƙara wani, shi ma haka. Ya goge yatsunsa a wando, don akwatin a jiƙe yake, alhali an yi sati uku ba a ga ɗigon ruwa ba.

Motar tana ƙarnin kifi da warin laka.

Ya shiga bin wayoyi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har ya tarar da wadda fatarta ta saɓule tana gugar ƙarfe. Ya naɗe ta. Saura baƙar wayar da ake ɗaurewa a jikin mota don wuta ta zagaya. Ya lalubo ta, amma ba a jikin mota take ba. Ta zarce ƙarƙashin injin, ta nutse cikin ƙasa.

Ya ja. Aka ja daga can.

Gyare ya daina kuka. Ganyen dawa ya tsaya cak.

"Ina kuka nufa, Baba?" in ji Sadisu.

"Gida. Tun da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu ba mu kwana a waje ba sai yau. Ƙarasa mana."

Sadisu ya so ya miƙe, hannuwansa suka ƙi. Yana kallo suka kankare tsatsa, suka ɗaure noti, suka cusa fis na ƙarshe.

Fitilu suka kama, har ta cikin motar.

Ruwa ne cike da ita har rufi, kore, mai gansakuka. Mutum shida zaune a ciki, rigunansu na lilo a hankali. Wata mata ta juyo ta dafa gilashi.

Hannu mai sanyi ya kama wuyan hannunsa na dama.

"Babu mai gyara a can," dattijon ya raɗa. "Akwai wuri ɗaya."

Ƙofar baya ta buɗe. Ruwan bai zubo ba.

Sadisu ya karanto Ayatul Kursiyyu a rarrabe, ya kai hannun hagu ya fizge fis ɗin. Duhu ya rufe. Riƙon ya sassauta, ya faɗa cikin dawa da gudu, ya bar babur da jaka.

Washegari 'yan uwansa suka je suka ɗauko babur. Babu mota, sai laka daidai faɗinta.

Daga ranar hannun damansa bai ƙara bushewa ba. An yi rubutu, an yi tofi, an je asibiti har Kano. Duk wayar da ya taɓa sai ta yi tartsatsi, dole ya rufe shago ya koma noma.

Matarsa Rabi ce ke sauya masa tsumman da yake naɗe hannun da shi, safe da yamma. Wata rana tana matse shi a tsakar gida, ta tsaya ta daɗe tana duban hannun nasa.

"Malam, a da jiƙon iya wuyan hannu ne," ta ce a hankali. "Yau ya kai gwiwar hannu."